Fensirin Kaka Bokrye

A Tongyeong, bakin teku,
inda jiragen masunta ke kwana kafaɗa da kafaɗa,
kakata Bokrye ta kai saba'in da ɗaya
ba ta san kamannin sunanta a rubuce ba.
Hannunta ya san taru, ya san gishiri,
ya san inda zare zai tsinke tun bai tsinke ba.
Takarda kuwa, sai dai ta naɗe kifi.

Kowace Lahadi tana benci na uku,
littafi buɗe a cinya, wani sa'in kansa a ƙasa,
tana gyaɗa kai in Fasto Gwak ya ɗaga murya.
"Na ji," in ji ta. Ta kuwa ji,
ji irin na ruwan sama bisa kwano:
ƙara har kunne ya toshe,
ƙasar ɗaki ko ɗigo.

Sai aka buɗe aji a bayan majami'a,
daren Talata, kusa da murhu.
Tsofaffi tara, tabarau takwas,
malamar kuwa sa'ar jikokinsu.
Gemu ba ya hana ilimi,
balle furfurar da ke ƙarƙashin ɗankwali.
Ta riƙe fensir kamar allurar ɗinkin taru,
ta huda takarda sau biyu
kafin baƙi ɗaya ya tsaya da ƙafafunsa.

Da hunturu na biyu ta fara kwafar Maganar.
Layi uku a dare, wani daren ɗaya tak,
leɓe na motsi, gilashin taga na zufa.
Nakan ce, "Kaka, bari in karanta miki,
minti biyar na gama babin."
Sai ta ce, "Kai jirgi mai inji ne, Dohun.
Ni da sanda nake tuƙi,
ina jin ƙasan ruwa."

Wani dare ta iso kan kalmar gafara.
Ta zana rabinta, ta ajiye fensir.
Kwana uku littafin na rufe,
kwana uku tana wanke tukwanen da ba su yi datti ba.

Akwai Jeomsun a ƙarshen layi,
wadda mijinta ya ari kwalekwalen kakana
ya dawo da igiya kawai.
Shekara talatin da huɗu ba sannu, ba yauwa,
kuma coci ɗaya suke, kofi ɗaya suke sha.

Rana ta huɗu na ga Kaka ta fita,
tukunyar miya a hannu, tururi na bin ta.
Ban san me suka faɗa ba.
Ta dawo ba tukunya, hanci ja,
ta zauna ta ƙarasa ɗaya rabin.

"Sau dubu kalmar nan ta wuce ta kunnena,"
ta ce, tana feƙe fensir da wuƙar kifi,
"ko gaisawa ba mu yi ba.
Da na zo rubuta ta, sai ta riƙe mini hannu.
Yesu bai ɗaga murya ba, yaro.
Jira ya yi in rage sauri."

Ba ta zama waliyya ba.
Ta ci gaba da faɗa da mai sayar da kabeji,
tana yi wa Fasto gyara in ya tsallake aya.
Addu'arta dai ta rage tsawo,
ta ƙara nauyi.

Littafin rubutu goma sha ɗaya ta bari,
na ƙarshe ya tsaya a tsakiyar jimla.
Ni mai digiri biyu,
wanda ke haɗiye shafi ba tauna,
na zauna a tabarmarta daren jiya.
Fensirin ya rage kamar ɗan yatsa,
da sawun haƙorinta a gindi.

Na rubuta kalma huɗu.
A ta biyar,
wani abu ya riƙe mini hannu.